Sun Ɗinke Makullin Bindiga da Laya, Ni Kuma Na Ɗinke Bakina

A lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramar mace ce da goyon fari, ƴar garin Madawa da aure ya kai wani ƙauye a gefen Deule. Ba zan faɗi sunana ko na kowa ba, domin duk waɗanda zan ambata suna raye, wasunsu ma tukunya ɗaya muke ci har yau. Na yi lakwal, wato makarantar boko, gwargwado, kuma a gidanmu an san ni da baki, har mahaifiyata kan ce ranar da aka raba haƙuri ina can ina gardama da mai rabon. Mijina Bafulatani ne daga gidan da ake noma ana kiwo, suna Hausa a kasuwa suna Fulatanci a tsakar gida. Ni na gan shi na ce ina so, babu wanda ya tura ni. Abin da na sa a gaba a shekarun nan shi ne kada a ce Bahausar birni ta zo ta ɓata musu gida, shi ya sa na tattara bakin nan nawa na ajiye, na zama salihar da ko uwata ba za ta gane ba.

Mahaifina tsohon soja ne, kuma bayan ya bar aiki yana da doguwar bindigar farauta da takardunta. Na tashi ina ganin yadda yake mu'amala da ita. A wuyanta, daidai inda babban yatsa yake sauka, akwai wani ɗan ƙarfe da ake turawa gaba ko baya. Shi yana kiransa surte irin na sojoji, mu a gida muna cewa makulli. Idan aka ja shi baya, kunamar bindiga ba ta motsi ko an taɓa ta. Idan aka tura shi gaba, wani ɗan jan ɗigo yakan bayyana, alamar bindiga a buɗe take, tana jiran yatsa kawai. Baba ba ya buɗe makullin nan sai ya ɗaga bindiga ya saita abin da zai harba, kuma yana sauke ta yatsansa ke mayar da shi ba tare da ya duba ba. Duk da haka bai taɓa yarda da makullin shi kaɗai ba. Ba ya shiga gida ko mota da harsashi a ciki, ba ya barin bakinta ya kalli mutum ko da wasa. Ya taɓa tsinka wa wani ƙaninsa mari a gaban baƙi don ya nuna kare da ita alhali babu komai a cikinta. Ban taɓa harbi ba a rayuwata, amma wannan na san shi kamar yadda na san hura wuta.

A gidan aurena babban mutum shi ne yayan mijina. Shi ya riƙe ƙannensa bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi wa mijina aure, shi ke da ta cewa a kan shanu da gona. Muna kiransa Yaya, kuma tsakanina da shi akwai kunya irin ta surukai. Ba na faɗin sunansa, ba na cin abinci yana gani, idan muka yi kiciɓis a hanyar rijiya nakan kauce in durƙusa sai ya wuce. Duk maganar da nake da ita gare shi sai ta bi ta bakin mijina ko ta bakin uwarsu, wadda muke ce wa Inna. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin yabon da ake yi mini. Inna kan nuna ni ga baƙi tana cewa ga Bahausar da ta fi ƴaƴan Fulani kunya, ni kuma sai in sunkuyar da kai ina jin kaina a sama.

Wata shekara ɓarayi suka kore wa maƙwabtanmu shanu, sai Yaya ya nemi izini ya sayi bindiga. Ranar da ya kawo ta na hango ta daga bakin ɗaki, kusan irin ta Baba ce, da makullinta a wuya. Raina bai ba ni komai ba. Ba a jima ba ya tafi kasuwar Allakaye, inda wani mai magani ya duba bindigar, ya tura makullin gaba, ya nuna masa jan ɗigon nan, ya ce wannan shi ne idon bindiga, da shi take ganin wanda za ta kashe. Ya ce idan aka rufe idon da laya, bindigar ba za ta ƙara ganin ɗan gida ba, sai baƙo mai mugun nufi. Yaya ya karɓi layar ya kai wa baduku, shi kuma ya yi aikinsa yadda aka umarce shi. Ya naɗe wuyan bindigar da jar fata, ya ɗora layar a kan ɗigon, ya ɗinke tam, ya sa mata tuntaye suna lilo. Da aka dawo da ita gida maza suka taru suna yaba kyan ɗinki. Ni da na kawo musu fura na saci kallo, nan take na gane abin da suka yi. Jan ɗigon nan ba ya fitowa sai makulli yana buɗe. Wato sun buɗe bindiga, sun ɗinke ta a buɗe, sun rufe wurin yadda yatsa ba zai ƙara kaiwa ba.

Da damina ta sauka aka hau da shanu kan tudun dutse, nesa da gonaki, kamar yadda ake yi kowace shekara. Daga lokaci zuwa lokaci mijina da Yaya kan tafi can a moto, wato babur, su kai wa masu kiwo gari da kanwa. Mijina ke tuƙi, Yaya na baya da bindiga, kuma da harsashi a cikinta, wai ɓarawo ba ya jira a ɗura. Yadda yake riƙe ta shi ne abin da ya hana ni sukuni. Yakan soke gindinta a hammata, bakinta ya kwanta a kan cinyar mijina ta dama. Duk ranar tafiya ina tsaye a bakin danga da ɗiyata a baya, ina kallon baƙin ƙarfen nan a jikin ƙafar mijina har su ɓace. Wanda ya san hanyoyin ƙasarmu ta Adar ya san babu wurin da moto ke tafiya lami lafiya, daga dutse sai kwazazzabo.

Na sami mijina na yi masa bayani dalla-dalla, har da zana masa a ƙasa da tsinke. Na ce ya roƙi Yaya a farke fatar nan, in kuma layar ce ba a son rabuwa da ita, a mayar da ita gindin bindigar inda ba ta tare komai. Na ce in duk wannan ya gagara, to a riƙa cire harsashi kafin a hau moto. Ya saurare ni yana murmushi, sannan ya ce, “Ke ɗiyar soje, mi kike so in ce mai? In tahi in hwaɗa ma Yaya bai san abin da shika yi ba?” Na ce ƙafarsa ce a bakin bindigar, ba ta Yaya ba. Da ya ga na fara hawaye sai ya rarrashe ni, ya yi alkawarin zai sami lokacin da ya dace. Bayan kwana biyu na tambaye shi, ya ce ya faɗa, Yaya ya ce zai duba. Na yarda, don ina son in yarda.

Fatar ba ta motsa ba. Na je wurin Inna, na durƙusa na kawo maganar a hankali. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce tun da take ba ta taɓa jin mace ta sa baki a kayan maza ba, kuma wanda ya raina laya shi laya ke bari. Kafin la'asar magana ta zaga gida. Matan gidan suka sa mini suna kaftin, in na wuce da tulu sai su ƙame su sara mini suna dariya. Wannan dariyar ce ta kashe mini jiki. Akwai ranar da har yau in na tuna nake jin ƙyamar kaina. Ina zaune ina yanka kuɓewa, Yaya ya jingina bindigar a jikin rumbu ya tsuguna yana alwala kusa da ni. Wuƙa na hannuna. Da ya gama ya juyo, abin da bai saba ba, ya tambaye ni ko lafiya, ya ga kwanan nan na rame. Allah ya buɗe mini ƙofa har haka. Na ja mayafi na rufe fuska na ce lafiya lau, shi kuma ya sa mini albarka ya ɗauki bindigarsa.

Abin ya faru da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Sun zo gangaren wani kwazazzabo, tayar gaba ta zame a kan jiƙaƙƙen dutse, moto ta yi tsalle. Bindigar ta nemi suɓucewa, Yaya ya cafke ta da sauri, yatsansa ya faɗa kan kunama. Iyakar abin ke nan. Babu ɓarawo, babu kura, babu maƙiyi. Wani mai amalanke ne ya kwaso su, aka tsayar da motar ƴan albasa a bakin hanya, ni kuma aka ɗauko ni daga gona da laka a ƙafafuna. Da na hau bayan motar na ga an ɗaure cinyar da rawani, kuma kafin nan wani mai taimako ya cusa toka da garin ganye a cikin raunin. Jini ya haɗu da toka ya zama wani baƙin kunu yana bin ƙasan motar, ƙuda sun yi dafifi. Yaya na zaune a gefe, bindigar na kan cinyarsa, tuntayenta na ta lilo.

Likitan da muka fara zuwa wurinsa ya yi abin da zai iya, ya tura mu gaba, asibitin mishan da ke bayan Madawa. Can mutanen suka karɓe mu hannu biyu. Mafi yawansu Kiristoci ne, Hausawa irinmu, kuma ban ga sun bambanta mu da kowa ba. Sun yi ta fama da ƙafar, suna wankewa suna yanke ruɓaɓɓen nama, amma ƙashin ya farfashe, datti kuma ya riga ya shige. Warin da ɗakin nan ya ɗauka ba zan iya kwatanta shi ba. Nakan fita bayan gini in yi amai, in wanke baki in dawo da murmushi don kada ya gane. A ƙarshe likita ya kira mu ya ce ko dai ƙafa ko rai. Aka yanke ta daga saman gwiwa.

Akwai wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya da ke kula da shi, mijinta mafarauci ne. Wata rana tana sauya masa bandeji ta tambaya cikin tausayi ko bindigar ba ta da makulli ne. Mijina ya juya fuska bango. Da ta fita na matsa kusa da shi, na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, me Yaya ya ce ranar da ya kai masa maganata. Sai ya ce bai taɓa kai maganar ba. Ya ce sau da yawa yakan buɗe baki, sai ya tuna mutumin nan shi ya goya shi, sai kunya ta kama shi. Ban yi kuka ba a lokacin. Na dube shi, na dubi wurin da zanen gado ya kwanta babu komai a ƙarƙashi, na ga mu biyu duk abu ɗaya muka yi. Kowa ya ajiye maganar a bakin wani don a ci gaba da ce masa mai ladabi.

Na ɗauka abin ƙyama ya ƙare a asibiti, ashe yana jirana a gida. Hukuma ta yi tambayoyinta, mijina ya ce tsautsayi ne kuma ya yafe, daga baya bindigar ta dawo hannun mai ita. Ƴan jaje suka yi ta zuwa har daga Tamaske. Ina bayan danga ina dama musu fura ina jin abin da suke faɗa. Wani tsoho ya ce ai a gode wa Allah a gode wa mai maganin nan, domin bindigar da ta tashi a jikin mutum irin haka, da ba don an rufe mata ido ba da ciki za ta nufa. Sauran suka amsa da gaskiya ne. Kafin a watse magana ta zauna cewa layar ce ta ceci ran mijina, ta karkatar da harsashi zuwa ƙafa. Yaya na kan tabarma ana ba shi haƙuri kamar shi aka yanke. Har na ji wani maƙwabcinmu yana tambayar ranar da mai maganin ke zama a kasuwa, yana son ya kai tasa. Na sani ƙaddara gaskiya ce, ni ma Musulma ce. Amma na ga yadda mutane ke ɗaukar sakacinsu su lulluɓe shi da sunan Allah, su koma su zauna a kai, kuma tun daga ranar furar gidan nan ta daina shiga cikina da daɗi.

Damina ta zagayo, shanu suka hau tudu. Mijina yana zaune a inuwar rumbu da sandunansa, yana tufka igiya, sana'ar da ta rage masa. Ina wanke-wanke na ji an tayar da moto a ƙofar gida. Na leƙa. Ƙanin mijina, autan Inna, shi ne a gaba, wanda bai daɗe da aure ba, matarsa na da ciki. Yaya na ƙoƙarin hawa bayansa, bindigar nan a hammata, jar fatar na nan, layar na nan, bakinta na neman cinyar yaron mutane. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗauki wuƙar da ke cikin kwanukan, na fita ko mayafi babu, na tsaya a gaban moto, na kira Yaya da sunansa na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun da na shigo gidan. Na ce ya ba ni bindigar. Mamaki ya sa ya sakar mini ita kamar wanda aka yi wa asiri.

Na juya bakinta ƙasa, wajen da babu kowa, na nisantar da yatsuna daga kunama yadda na ga Baba yana yi. Na sa wuƙa na farke ɗinkin. Layar ta faɗi a ƙasa. Ga jan ɗigon nan yana nan yadda aka bar shi, ga makulli a buɗe, ya ɗan yi tsatsa saboda gumi. Na ɗora babban yatsana na ja shi baya. Ya yi wata ƴar ƙara wadda ba ta kai ta fasa gyaɗa ba, jan ɗigon ya ɓace. Na ɗaga ta na nuna musu, na ce ga yadda ake rufe mata ido, wanda ya ƙera ta ya riga ya yi mata abin rufewa, kyauta, ba sai an je kasuwa ba. Na miƙa wa autan na ce ya cire harsashin ya sa a aljihu. Na tsaya ina jiran in ga mutumin nan ya fahimci abin da ya yi.

Yaya ya sunkuya ya ɗauki layar, ya kaɗe mata ƙasa, ya sa a aljihu. Bai dubi makullin ba, bai dube ni ba. Ya juya wurin mijina ya ce masa da Fulatanci, wanda a lokacin na riga na iya, matarka ta kira sunana. Abin da ya dame shi ke nan. Na ji kamar in tofar da yawu. Mijina ya ajiye igiyar, ya dafa sandunansa ya miƙe da ƙyar, ƙafar wandonsa ɗaya na reto. Ya tako har gaban yayansa, ya amsa masa da Hausa don kowa ya ji. Ya ce, “Ta kira, Yaya. Ni ya kamata in kira tun bara, da yanzu ni ad da tuƙin moton ga.” Ranar ba a je tudu ba. Da aka tashi zuwa, bindigar na rataye a bayan Yaya, bakinta sama, babu harsashi a ciki.

Inna ta yi watanni ba ta amsa gaisuwata. Har gobe akwai masu ce mini ɗiyar soje marar kunya, kuma har gobe akwai masu rantsuwa cewa layar ce ta ceci mijina. Na daina jayayya da su. Abin da nake so in faɗa wa masu karatu, musamman mu mutanen karkara da bindigogi suka fara yawa a hannunmu, shi ne wannan. Ɗan ƙarfen nan ba ado ba ne. Ya zauna a rufe sai lokacin da za a yi harbi, kada a naɗe shi da fata ko tsumma, kada kuma a dogara da shi har a kwantar da bakin bindiga a jikin mutum. A cire harsashi kafin a hau abin hawa ko a shiga gida. Wanda yake son addu'a ya yi addu'arsa, yatsansa kuma ya yi aikinsa. Ke kuma ƴar'uwa, da kai ƙanin da ke jin nauyin yayansa, girmama manya abu ne mai kyau, ni ma ban bar shi ba. Amma in kun ga rai ko gaɓar mutum a bakin hallaka, ku buɗe baki da kanku a ranar, kada ku aika, ko da za a yi shekara ana zaginku. Ni na jira, na sha yabo, an kira ni mai kunya a gaban baƙi. Yanzu duk sallah in na sayo wa mijina takalma, na hagu yake sawa, na dama in jefa ƙarƙashin gado wurin ƴan'uwansa. Ɗiyata ta taɓa tambayata me ya sa ba na zubar da su. Na ce mata ina ajiye su ne don duk ranar da kunya ta nemi rufe mini baki, in sunkuya in leƙa.